Tsohon da Aka Bari a Rana

Ɗiyata Nafisa ce ta zo mini da maganar, ranar da ta dawo daga biki a Dogarawa. Wai jikokin Baffa Sanda, yayan mahaifina, sun gaya mata cewa lokacin da nake budurwa saura kaɗan in shiga addinin Nasara, har na ɗauko gunki na ɗora wa mahaifina a cinya. Ƙanenta kuma ya taɓa jin wani labarin daban, wai wani hoto ne mai asiri ya buɗe wa kakanku ido. Duka biyun ƙarya ne. Abin haushin shi ne in kuka ce in ba ku gaskiyar a taƙaice ba zan iya ba, don ni da nake tsakiyar abin har yau akwai inda ban gane ba. Zan faɗa muku yadda aka yi, ku yi abin da kuka ga dama da shi.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne. Na ci jarrabawar birbe amma ba a tura ni lise, wato babbar sakandare, ba, aka ce shekaruna sun wuce. Na yi fushin da ba wanda ya kula da shi, daga baya na koyi buga takardu a mashin, na samu aiki a buro, wato ofis, na wani furoje, shirin taimako na gina rijiyoyi a Konni. Ina kwana gidan gwaggona, ranar Asabar in shiga motar haya in tafi gida Dogarawa. A lokacin ba ni da haƙuri ko kaɗan. In mutum ya fara kewaye-kewaye a magana sai in ƙarasa masa. Kun san ban canza sosai ba.

Baba tela ne, rumfarsa na bakin kasuwa. Tun ina lakwal, makarantar boko, yanar ido ta fara rufe masa gani, ya riƙa ba mu allura mu zura masa zare, yana cewa zaren yanzu ne ba shi da kyau. Da abin ya yi ƙarfi, yayansa Baffa Sanda ya aika aka kira wani mutum daga bayan Illela, wanda sana'arsa ke nan, yana soka siririyar allura a gefen ido ya ture yanar ƙasa. Ya yi wa Baba a idon dama. Kwanakin farko Baba ya ga haske, har aka yi sadakar fura. Sai idon ya yi ja, ya kumbura, Baba ya riƙa cizon bakin riga don kada mu ji nishinsa. Da zafin ya lafa idon ya mutu, ya koma kamar tsakuwa. Baffa ya ce ba laifin mai allura ba ne, Baba ne ya karya doka, ya sunkuya ya yi sujada kafin lokacin da aka ɗibar masa. Saura idon hagu, shi ma yanar ta kusa rufe shi. Baba ya daina fita rumfa. Ya koma ɗakinsa, aka lulluɓe keken ɗinki da tsohon zane. A bazarar da nake ba ku labari, Baffa ya sake aika wa mutumin nan cewa ya zo ya yi wa na hagu.

Shugabar buronmu Baturiya ce 'yar ƙasar Holan, doguwa, fatarta ta yi ja saboda rana. Mutanen ƙauye suna ce mata Madam Rijiya, mu muna ce mata Madam kawai. Faransancinta bai fi nawa ba, Hausarta kuwa ta gaisuwa ce da cinikin albasa. A bangon buronta, daidai inda nake fuskanta in ina buga mashin, akwai wani hoto da bai fi faifai biyu girma ba. Watannin farko na ɗauka ya lalace ne. Kusan duka baƙi ne, baƙi mai ja-ja irin na gindin tukunya. A ƙasa ta gefe guda ne kawai ake ganin wani tsoho zaune a ƙasa, ya ɗaga haɓa, baki a ɗan buɗe, sandarsa ta faɗi kusa da ƙafarsa. Haske ya zubo masa a goshi da gemu da kafaɗa. Wani hannu ya fito daga duhu, yatsu biyu a kan fatar idonsa. Mai hannun yana tsaye ya ba da gefe, ba ka ganin komai nasa sai bakin hannun riga da alamar kai. In ka daɗe kana kallo sai mutane su fara fito maka a baya ɗaya bayan ɗaya, kamar in ka shiga ɗaki daga rana: wata mace ta rufe baki da hannu, wani mai rawani ya leƙo, har da kare.

Ni dai abin ya dame ni. A Konni in mai hoto ya wanke maka hoto ya fito haka, ba za ka karɓa ba. Kuma an koya mana a lakwal cewa haske daga wani wuri yake fitowa, ya miƙe sak. Na nemi taga a hoton, babu. Na nemi fitila, babu. Wata rana da na gaji da kallonsa na tsayar da mashin na tambaye ta ko hoton ya ƙone ne wajen wanki. Ta yi dariya har da tari. Ta ce ba hoton kyamara ba ne, zane ne da wani mutumin ƙasarsu ya yi da fenti tun kakannin kakanni, wannan kwafi ne ta saya a kanti. Ta faɗi sunan mai zanen, irin sunan da ke maƙale wa mutum a maƙogwaro, ban riƙe shi ba. Ta ce labarin Annabi Isa ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi, lokacin da ya buɗe wa makaho ido. Na ce mu ma mun san labarin, da izinin Allah ya yi. Sai na ce mata to in haka ne mai zanen ya yi kuskure, ai babba shi ake haskawa, ya za a bar Annabi a duhu a haska talaka?

Ta yi ta neman kalmomi tana juya hannu. Abin da na iya tsinta shi ne, a ƙasarsu rana baƙuwa ce. Sai a yi watanni sama a rufe, gidaje da duhu, in ɗan haske ya shigo ta taga mutum yakan ja kujera ya bi shi. Don haka in mai zane yana son ya ce Allah ya dubi wani da rahama, sai ya sa shi a rana, ya bar sauran a duhu. Na tambaye ta ina hasken ya fito. Ta ce ai abin ke nan, ba a nuna ba. Na ce wannan ba amsa ba ce. Ta ce ta sani. Na koma bugun mashin ina jin kamar an cuce ni, ban kuma san da me ba.

A cikin kwanakin ne ta ji labarin Baba a bakin direbanmu. Ta ce akwai asibitin 'yan mishan a kan hanyar gabas, likitan ido yana zuwa can lokaci-lokaci, kuma motar furoje tana bi ta ƙofar in za a duba rijiyoyi, za ta iya sauke mu. Na kai maganar gida da gudu. Baffa ya ce gidanmu ba a kai mutum inda za a kwantar da shi a yanka masa ido ana yi masa waƙar coci a ka. Inna ta ce ita dai tsoro take ji, na allura da na wuƙa duka. Baba kuwa, in na yi magana ya ce to, in Baffa ya yi magana ya ce to. Wannan "to" ɗin ya fi komai ƙona mini rai. Ido guda ya rage wa mutum, ana ja-in-ja a kansa, shi yana zaune yana jan carbi kamar idon maƙwabci ne.

Kada ku tambaye ni abin da ya sa na ari hoton. Na sha tambayar kaina. Ina jin so nake in nuna musu cewa mutanen nan su ma sun san Annabin da muka sani, ba dodanni ba ne. Ko kuma so nake Baba ya ga wani tsoho irinsa ya ɗaga fuska ya yarda a taɓa shi. Sai dai yaya makaho zai ga hoton makaho? Wannan bai zo mini a rai ba sai da muka wuce Tsarnawa, ina matse a mota tsakanin buhun gishiri da wata mai goyo, hoton yana cikin kwalin buro a ƙirjina. Madam ta cire shi daga gilashinsa ta ba ni ba tare da ta tambaye ni komai ba. Da ta tambaya da wataƙila na fasa.

Na isa gida da tsakar rana, irin ranar da kaji ke buɗe baki. Inna na gindin dogon yaro tana tsince wake. Ko ruwa ban gama sha ba na zaro hoton na shimfiɗa mata a kan tabarma. Ta goge hannu a zane, ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Inna ba ta yi lakwal ba amma ba a ɓoye mata abu a fuska. Kafin in nuna mata ta gano macen nan da mai rawani da karen. Sai ta ɗago ta dube ni.

"Su wanga waɗanne irin mutane ne, Ramu? Ƙarti duka sun shige inuwa, sun bar tsoho makaho cikin rana."

Na ce ba haka ba ne, Inna. Na kwashe bayanin Madam na zuba mata, na rana baƙuwa da jan kujera da rahama. Ta saurara tana ci gaba da tsince wakenta. Da na gama ta ce to in Allah ya dubi mutum sai a gasa shi? Ta ce ko akuya ba a ɗaure ta a wuri irin wannan. Ta sa yatsa a goshin tsohon ta ce dubi yadda yake ƙyalli, zufa ce, ga shi ya buɗe baki, ƙishirwa yake ji, ita kuwa waccan ta tsaya tana rufe baki maimakon ta ɗebo masa ruwa. Ta ce mai maganin ma ya fi kowa wayo, yana daga inuwa ya miƙo hannu kawai.

Na sake duban hoton, wallahi sai na ga abin da ta gani. Watanni ina kallon tsohon nan a matsayin wanda aka zaɓa, yanzu ga shi an yasar da shi a rana. In na lumshe ido na buɗe sai ya koma na Madam, in Inna ta yi tsaki sai ya dawo nata. Hoton da na ɗauko don ya kawar da tsoro ya zama shaida cewa mutanen can ba su da tausayi. Inna har ta fara cewa in haka suke yi wa marasa lafiya, mijinta ba ya zuwa.

Muna cikin haka Baffa Sanda ya yi sallama. Mutum ne mai natsuwa, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma shi ya riƙe gidanmu da hatsi tun da Baba ya bar rumfa, wannan ku sani. Ya zauna, aka gaisa, idonsa ya faɗa kan takardar. Ya tambayi hannun wane ne wannan. Da na yi shiru da an wuce wurin. Na faɗa masa. Ya kawar da kai gefe ya nemi tsari, sannan ya tambaye ni a hankali, wa ya ga Annabin Allah da har zai zana shi? Na ce ai ba a nuna fuskar ba, hannu ne kawai. Ya ce hannun ma wa ya gani? A nan gaskiyarsa ce, kuma tun a lokacin na san gaskiyarsa ce, shi ya sa na ƙara hasala. Ya ce in naɗe abin nan in mayar inda na ɗauko, mai allura yana zuwa ranar kasuwa mai zuwa, an gama magana.

"Hannun mutuminka dai mun gan shi, Baffa," na ce. "Mun ga idon da ya bari."

Inna ta saki faifan wake. Baffa bai dube ni ba. Ya tashi, ya sa takalmansa ɗaya bayan ɗaya, ya je ƙofar ɗakin Baba ya tsaya daga waje.

"Idi, ka ji ɗiyarka."

Ya fita. Abin da na faɗa gaskiya ne, yau ma in aka tambaye ni zan maimaita. Amma ɗiya ba ta faɗa wa yayan ubanta haka a gaban matar ƙanensa, kuma na san da hakan kafin in buɗe baki.

Ina jiran faɗa, sai na ji Baba ya kira ni, ya ce in zo da abin da ake rigima a kansa. Ɗakin da duhu, sai wani siririn haske da ya ratso ta gefen asabari ya kwanta a ƙasa. Ya ce in ɗaga asabarin kaɗan. Ya karɓi takardar, ya shafa ta da tafin hannu yadda yake shafa yadi, ya ce takarda ce mai kyau. Ya kai ta dab da idonsa na hagu, yana matsar da ita sama da ƙasa. Can ya tsaya.

"Ga wani abu fari-fari nan."

Na ce tsohon ke nan. Na kama yatsansa na bi da shi, nan goshi, nan gemu, nan hannun da ke taɓa ido. Ya yi murna kamar yaro, don ya daɗe bai gane komai a takarda ba. Sai ya zarce da yatsa sama ya ce nan fa? Na ce duhu ne. Ya matsa gefe, nan fa? Na ce nan ma duhu ne, Baba, hoton duka duhu ne.

"Ke dai ba ki da haƙuri, Ramu. Ni ne ba ni gani, ba ke ba. Hwaɗa mini abin da ke nan."

Na faɗa masa macen da mai rawani da karen. Bai damu da karen ba. Tambaya ya shiga yi irin ta tela. Rigar mai rawanin buɗaɗɗiya ce ko mai wuya? Hannun rigar mai maganin a haɗe aka yanka shi da jikin rigar ko ɗora shi aka yi? Akwai aiki a bakin? Mutanen zamanin Annabawa da aljihu suke ɗinki? Kowace tambaya na ce ba a gani. Ya yi tsaki ya ce an kai ni lakwal shekara da shekaru, a ce in duba riga in faɗi yadda aka yanka ta ya gagare ni. Na rantse masa cewa mai zanen ne bai nuna ba. Ya ce wane mahaukaci ne zai zauna ya zana mutane ya kuma shafe su da baƙi? Ni ma tambayar da na yi wa Madam ke nan. Ya koma kan farin wurin.

"Wanga tsoho, an buɗe mishi ko ba a buɗe ba?"

Na duba. Idon a rufe yake ƙarƙashin yatsun. Na ce ba a buɗe ba tukuna. Ya ce to. Ya laluba cikin gwangwanin da yake tara ƙyallaye, ya zaro wani shuɗi, ya ce in nuna masa inda mai hannun yake tsaye. Ya rufe wurin da ƙyallen, ya kafe shi da fil biyu, hannun kawai ya bari a waje. Ya ce yayansa ya yi gaskiya a kan wannan, ba a kallon abin da ba a ba mu izini ba. Sannan ya tura hoton ƙarƙashin buzunsa ya ce in bar shi nan. Na ce na aro ne. Ya ce ai bai ce zai ci ba.

Na koma Konni ban san matsayin da ake ciki ba. Na ɓata da Baffa, na tsorata Inna, na bar kayan shugabata a ƙarƙashin buzu da ramukan fil. Takardun da na buga a makon nan sai da aka sake su. Inna ta gaya mini daga baya cewa kullum da hantsi sai Baba ya sa ta ɗaga asabari, ya zaro takardar ya yi ta kai ta ido yana juyawa. Ana jibi kasuwa ya sa ta aiko mini da saƙo ta bakin wani direba, wai in zo da motar. Iyakar saƙon ke nan, babu dalili. Da muka zo ɗaukarsa maƙwabta sun fito rakiya, ƙofar Baffa a rufe.

Zaman asibiti ba shi da wani labari. Ba wanda ya ce mu canza addini. Da safe suna wa'azinsu a lasifika, Baba yana jan carbinsa, ni ina korar ƙuda. Aka shiga da shi, aka fito da shi da ido a naɗe, aka ce kada ya sunkuya, kada ya yi tari da ƙarfi. Ya ce ashe dokar iri ɗaya ce da ta mai allura, ya yi sallarsa a kwance. Ranar da aka kwance bandejin ya yi wata ƙara ya rufe fuska da hannu biyu, ashe hasken taga ne ya soke shi. Aka ja labule. Aka sa masa tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, wanda kuka sani a hotonsa. Ya dube ni ya daɗe, ya ce ashe goshin Inna na ɗauko, shi ya sa nake da taurin kai.

Da muka dawo gida aka cika ana barka. Ya haƙura har mutane suka ragu, sannan ya ce in ɗauko masa takardar. Ya zauna a bakin ƙofa ya ɗora ta a gwiwa. Bai taɓa ƙyallen ba. Ya dubi tsohon ya gyaɗa kai, ya matsa sama. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Ya karkata takardar. Ya tashi ya fita tsakar gida cikin ranar da aka hana shi, ido na zubar da ruwa, ya ɗaga ta sama.

"Ramu, aikin bai yi ba. Har yanzu ban ga rigunan ba."

Na ja shi gindin dogon yaro. Na ce ya bar takardar, ya dubi zanen Inna ya gaya mini abin da ke jiki. Ya ce ganye ne da tsuntsaye, kuma wanda ya yi mata kalmasa ya karkace. Na ce ya dubi katanga. Ya ce ga ƙadangare can. Na ce to yanzu ya dubi hoton. Ya duba. Ya dubi zanen Inna, ya sake duban hoton. Ya daɗe a haka, har Inna ta fara salati a hankali.

"Ashe duhun nasu ne," ya ce. "Ni duk kwanakin nan ina cewa nawa ne."

Ya yi dariya har hawaye, ko kuma idon ne ke ruwa, ban sani ba. Na ce ai na faɗa maka. Ya ce na faɗa, amma wa ke yarda da mai gaggawa?

To ga inda nake tsaye har yau. Inna ta rasu tana cewa tsoron allura ne ya kai shi asibiti, don ita ta kwana da shi lokacin idon farko. Madam da na ba ta labari ta ce ya ga kansa ne a tsohon, har idonta ya kawo ruwa. Baffa ya ce kunya ce, ɗiya ta yi rashin kunya, uba ya rufa mata asiri don kada a ce a banza ta yi. Ni kuwa wani lokaci ina ganin mahaifina ya miƙa idonsa guda ga wuƙa ne don kawai ya ga yadda aka yanka hannun wata riga, rigar da ba a taɓa zana ta ba. In haka ne, ba hujjata ce ta kai shi ba, rashin yarda da maganata ne. Na tambaye shi sau ɗaya bayan shekaru, ya ce in miƙo masa almakashi.

Idon ya yi masa aiki har ƙarshen rayuwarsa. Bai koma aikin wuyan riga ba, amma ya buɗe keke, ya yi kalmasa da kayan yara, rigar sunan Nafisa shi ya ɗinka. Baffa Sanda bai daina aiko da hatsi ba, sai dai bai sake taka gidanmu ba sai ranar da aka fito da gawar ƙanensa. A ɗaurin aurena shi ya kamata ya ba da ni, ya turo wani. Na je gaishe shi ya fi a ƙirga, yana amsawa, bai taɓa kiran sunana ba. 'Yan'uwa biyu da suka tashi a ɗaki ɗaya suka koma gaisawa a ƙofar masallaci. In jikokinsa sun ce na kawo abin da ya raba gida, a nan ba su yi ƙarya ba. Gunkin ne babu.

Ranar da zan koma aiki bayan dawowarmu daga asibiti, Baba ya zare fil ɗin da kansa, ya kawar da kai har na sa takardar a kwali. Yana zaune can ƙuryar ɗaki, ya ja rawani ya sauko kan tabarau, don har lokacin haske yana sa shi hawaye. Ya ce in yi wa Madam godiya, in ba ta haƙurin ramukan. Na kai ƙofa ya sake kirana.

"Ki hwaɗa mata uwarki ta yi gaskiya. Ni na ɗanɗana. In dai nan za a buɗe wa tsohon nan ido, zai sha wuya. Su ja shi inuwa tukuna."